Tulun Uwata a Bayan Duwatsun Poli

An yi wa uwata makoki tun kafin a haife ni. Ban sani ba sai watan jiya, da na hau duwatsun bayan Poli, alhali na baro ta a Garuwa tana numfashi.

Dada muke ce mata. Ciwo ya buge ta a farkon bazara, ɓarin jikinta na dama ya mutu. Da ta farfaɗo, Hausa ta fita daga bakinta, Fulatanci ma ya fita. Matar da ta tsufa tana suyar ƙosai a bakin kasuwa, tana faɗa da 'yan acaba da harshe biyu, ga ta kwance ba ta iya ce mini sannu. Abin da ya rage mata wani yare ne da ba mu taɓa ji a gidanmu ba. A cikinsa ma magana ɗaya take yi, gajera, tana maimaitawa tun safe har muryarta ta dushe. Sannan ta daina cin abinci. In mai ɗakina ta kai mata cokali sai ta kau da kai, ta sake faɗin maganar nan tana kallon ƙofa. Likita ya ce ciwon ba zai kashe ta yanzu ba, yunwa ce za ta riga shi.

Abin da na sani game da asalinta kaɗan ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya taɓa ce mini daga duwatsun bayan Poli ta sauko a wata shekarar yunwa, tana budurwa, neman aikin da za a biya ta da hatsi. Ta biyo motar auduga har Garuwa, wani gidan 'yan kasuwa ya riƙe ta, ta musulunta, daga baya shi mahaifin nawa ya aure ta. Ita ba ta taɓa ɗaga zancen ba, mu ma ba mu tambaya ba. Na kawo wata mata 'yar ƙabilar Fali ta saurare ta, ba ta ji komai ba. Na kawo wani maigadi ɗan ƙabilar Dowayo, ya ce ya tsinci kalma ɗaya ko biyu, kamar maganar mutanen can ciki ce, waɗanda ke bayan dutse. Sai na zauna na haddace maganar kamar aku. Na ce zan kai ta inda ake jin ta, in samo wanda zai amsa wa Dada kafin ta tafi.

Na yi shekaru ina jan babbar mota tsakanin Garuwa da Kuseri. 'Yan fashi sun harbe ni a cinya, na kuma ga gawa a bakin hanya fiye da yadda zan iya tunawa. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce tsoro ya sa ni ganin abin da babu.

Mun tashi da asuba, ni da maƙwabcina ɗan acaba, a kan babur ɗinsa. Mutum ne mai surutu, shi ya sa na zaɓe shi, don ya yi nawa ya yi nasa. Mun haye gadar Binuwai gari bai gama wayewa ba. Ruwa ya ja baya, yashi ya fito fari tas, masu ɗibarsa sun riga sun shiga. Can ƙasa na hangi bayan dorina kamar baƙin dutse a tsakiyar kogi. Hanyar kudu kwalta ce, amma kwaltar da manyan motoci suka cinye. Na san aikin irinmu ne. A Ngong muka tsaya shan shayi. Burodi ya ƙanƙance, kuɗinsa bai ƙanƙance ba. A wani shinge jandarma ya duba katin shaidata, ya duba fuskata, ya ce hoton ya fi ni ƙiba. Na ce masa lokacin uwata na da lafiya ne. Ya miƙo mini katin.

Man zuwa-zuwa, wanda ake shigowa da shi daga Najeriya a sayar a kwalba a bakin hanya, yana ƙara tsada duk sanda ka ƙara nisa da Garuwa. Maƙwabcin nawa ya ce in haka ya ci gaba, a bayan Poli sai dai a riƙa shafa wa babur kamar turare. A mararrabar Poli muka bar babbar hanya muka yi yamma, nan cinyata ta fara tuna mini da 'yan fashi. An gama cirar auduga, an ƙone karan, gonaki baƙi ƙirin. Duwatsun kuwa da farko kamar hadari suke a gindin sama. Sannan suka matso, suka tsaya mana dama da hagu.

Poli yana zaune ne kamar tuwo a cikin akushi, duwatsu sun kewaye shi. Ranar kasuwa muka tarar. Mutanen tudu sun sauko da gyaɗa da zuma da taba da awaki. A kasuwar nan guda na ji yaruka iri-iri, amma ciniki da Fulatanci ake yi, takarda kuma da Faransanci. Mangwaro kamar a ba ka kyauta. Muka ci tuwon jar dawa da miyar tafasa a wata rumfa, sannan na shiga aikin da ya kawo ni. Na bi rumfa-rumfa ina faɗin maganar Dada, ƙaton mutum da furfura yana magana da muryar tsohuwa. Wasu suka yi dariya, wasu suka ɗauka sabon mahaukaci ne ya shigo gari. Maƙwabcina yana bina a baya yana shaida wa mutane cewa ba tare muke ba.

Wata mai ƙuli-ƙuli ce ba ta yi dariya ba. Mace ce da ta fara manyanta. Ta ajiye kwanon awo, ta ce mini da Fulatanci in sake faɗa. Na sake. Ta tambayi wanda ya koya mini, na gaya mata. Ta ce yaren uwarta ne, ita rabinsa take ji, don a Poli ta girma. Kalmar farko sunan mace ne, in ji ta. Sauran kuwa cewa ake: kada a rufe, ina nan.

Na tambaye ta me za a rufe. Ta ce ba a faɗin wannan a kasuwa. Ta yarda za ta raka mu washegari, dama ta daɗe ba ta gaida kawunta ba. Muka kwana a gidan wani mahauci ɗan'uwanmu Bahaushe, don babu garin da za ka je a ƙasar nan ka rasa Bahaushe mai nama.

Da safe mu uku muka hau babur. Ya kai mu har wani ƙauye a gindin dutse, mai cocin kwano da ɗan masallaci, can muka bar shi. Daga nan ƙafa. Muka bi busasshen rafi, irin wanda Fulani ke ce wa mayo, yana ta ƙuntata har muka iske duwatsu biyu sun kusa haɗe kai. Jaki mai kaya ba zai wuce tsakaninsu ba. A gefe akwai ragowar katangar dutse da ta zube. Mai ƙuli-ƙuli ta ce nan ne bakin kwarin, kuma babu wata ƙofa sai ita.

Da muka shiga, wurin ya buɗe, dogo kamar cikin kwale-kwale, dutse a kowane gefe. Rana tana makara kafin ta leƙo ciki, kuma da wuri take fita. Akwai tsamiya da ɗorawa da kanya, manya-manya, ba alamar gatari a jikinsu. Jikin duwatsun an jera ƙananan duwatsu layi-layi tun daga gindi har kusa da kai, kamar matakala, don su riƙe ƙasa da ruwan sama. Gonaki ne. Aikin hannun mutane masu yawa ne ƙwarai, kuma babu kowa a kai. Muka wuce gidaje, ɗakuna zagayayyu na dutse ba rufi, rumbuna sun fashe. A wani gida na ga dutsen niƙa da ɗansa a kai, kamar mai niƙan ta shiga ɗaki ne za ta fito. Birai suna zaune a kan katanga. Ba su gudu ba, kallonmu kawai suke har muka wuce.

Duk ƙauyen da ka kusanta a ƙasar nan, daka kake fara ji, ko zakara, ko kukan jariri. Nan babu. Tafiyarmu kaɗai muke ji, ita kuma tana dawo mana daga jikin dutse, kamar wasu na biye da mu. Maƙwabcina ya daina magana. Tun da na san shi ban taɓa ganin haka ba.

A ƙarshen kwarin, inda wani marmaro ke fitowa daga ƙarƙashin dutse, muka sami 'yan rufin ciyawa da hayaƙi. Tsofaffi ne duka. Wani dattijo yana tufka igiya a gindin tsamiya, shi ne kawun mai ƙuli-ƙuli. Ta durƙusa ta gaishe shi. Tsofaffin mata suka fito ɗaya bayan ɗaya. Wata siririya a cikinsu ta dube ni sau ɗaya, ta rufe fuska da hannu biyu, ta juya mini baya. Mai ƙuli-ƙuli ta saurari abin da take cewa, ta ce mini wai fuskar uban tsohuwar ce na ɗauko na shigo da ita.

Sai na faɗi maganar Dada. Babu wanda ya yi dariya. Hannun dattijon ya tsaya a kan igiya. Sunan da ke farkon maganar na siririyar nan ne. Ƙanwar Dada ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Yafendota ke nan.

Murna ta sa na yi kuskure. Na kwance jakata na fito da gishiri da sukari da sabulu da turmin atamfa, na jera a gabanta, na ce a gaya mata daga yayarta ne, tana gaishe ta. Mutanen nan suka ja da baya gaba ɗaya kamar na saki maciji. Dattijon ya sa sanda ya tura kayan har suka fita daga inuwar tsamiya. Mai ƙuli-ƙuli ta ce mini a hankali ba a karɓar kyautar mamaci. Na ce ai tana da rai. Ta ce a Garuwa take da rai, ba a nan ba.

Dattijon ne ya yi bayani, ita tana juya mini abin da ta iya. A wurinsu, duk wanda ya fita ta bakin kwarin ya yi damina uku bai dawo ba, bai aiko ba, kuka ake yi masa kamar wanda ya mutu. A gina masa tulu, a kira sunansa a ciki, a rufe bakin da faifan dutse, a liƙe da yumɓu, a kai kogo wurin sauran. Daga ranar ba a yi masa magana sai ta bakin tulun, sau ɗaya a shekara bayan girbi, in an buɗe an zuba masa giya. Dada tana da tulu. An yi shi tun kafin ta haɗu da mahaifina. Kuma tunda matacciya ba ta haihuwa, ba su san ko ni mene ne ba.

Da aka kawo ruwa, maƙwabcina aka miƙa wa ƙwarya a hannu. Tawa a ƙasa aka ajiye, aka ja baya. Ya sha, ya matso kusa da kunnena.

“Alhaji, ashe fatalwa na goyo tun daga Garuwa. Shi ya sa babur bai sha mai ba.”

Na ce masa ya rufe baki. Amma na ji daɗi da ya yi magana.

Dattijon yana son zance, ina jin don ya daɗe bai sami sabon kunne ba. Ya ce kakanninsu a fili suke da, kusa da babban kogi. Sai mahaya dawakai suka zo suna kwasar mutane, suka gudo inda kofato ba ya hawa, suka toshe bakin kwarin da dutse da ƙaya. Suka sassaƙa gonaki a jikin dutse don babu wani wuri. Zamanin ne aka fara tulu, saboda wanda aka kama ba a ganin gawarsa, kuma uwa ba ta iya zama ba ta da inda za ta yi kuka. Tunda ba mai shiga ba mai fita, harshensu ya zauna shi kaɗai, har ya zama mutanen kwarin da ke bayan wannan dutsen ma ba sa jin su sosai. Jamusawa sun hau da bindiga, suka ƙidaya kawuna, suka sauka. Faransawa suka ce a sauko fili a biya haraji a noma auduga, wasu suka sauka, wasu suka ƙi. Ya ce dawaki ba su iya da su ba, bindiga ba ta iya ba. Hanya ce ta iya. Da hanya ta iso gindin dutse, da makaranta da coci da masallaci, daga baya kuma haƙar zinariya, samari suka bi ta. 'Ya'yansu Fulatanci suke ji, masu boko Faransanci.

Na roƙa a nuna mini kogon. Suka yarda in gani daga waje. Yana sama da marmaron, ƙarƙashin wani falalen dutse da ya sunkuyo. Rana tsaka ce, zafi kamar a gasa mutum, amma daga bakin kogon wani sanyi ke fitowa mai warin tsami. Da idona ya saba da duhu sai na gan su. Tuluna jere, manya da ƙanana, har inda haske ya ƙare. Na can ciki sun yi baƙi, wasu sun fashe. Na kusa da ƙofa har yanzu jajaye ne. Kowanne bakinsa a rufe. Sun fi mutanen ƙauyen yawa nesa ba kusa ba.

Dattijon ya riƙa nuna sababbin da sanda. Wannan, an ce acaba yake yi a Garuwa. Wancan yana dako a bakin teku a Duwala. Waccan ta auri soja. Maƙwabcina ya ce a kunnena wataƙila da wasunsu suke layi a tasha. Na sa a tambayi dattijon ko sun san mutanen nan suna raye. Ya ce sun sani. Na ce to don me?

Ya ce, “Wanda ka kira bai amsa ba, in ma ya amsa ba da harshenka ba, kai me kake ce masa a garinku?”

Na tambayi wanne ne na Dada. Yafendo tana tsaye nesa da ni, ta nuna da haɓa. Ɗan madaidaici ne. Duk na kusa da shi ƙura ta rufe su, shi kuwa sumul yake, yana ƙyalli saboda shafar hannu.

Da muka dawo gindin tsamiya na faɗi abin da ya kawo ni. Na ce Yafendo ta bi ni Garuwa, in kai ta in dawo da ita. Ta ƙi. Ta ce wadda aka yi wa tulu ba a zama da ita a tabarma ɗaya. Na ce a gaya mata Dada ba ta cin abinci, sunanta kawai take kira, tana cewa kada a rufe. Na ce kwanakin da suka rage mata ba su da yawa. Tsohuwar nan ba ta dube ni ba, amma hawaye ya riƙa bin wuyanta, ba sauti. Mai ƙuli-ƙuli ta ce wai Yafendo ce ta liƙe yumɓun da hannunta, tana ƙarama, don uwarsu ta kasa.

Sai na fito da waya. Na ce in ba za ta je ba, ta yi mata magana ta nan. Babu rezo, wato sabis na waya, a cikin kwarin, amma mai ƙuli-ƙuli ta ce akwai wani wuyan dutse can sama inda ake hango Poli, waya tana kamawa a wurin. Yafendo ta ƙi taɓa wayar. Ta ce ba a kai muryar mamaci kunne. Na ji zuciyata ta tashi, na kusa faɗin abin da zai ɓata komai, na haɗiye. Inuwar tsamiya ta matsa. Can sai Yafendo ta yi magana, tana kallon ƙasa.

“In tana da magana, ta yi ta a cikin tulunta.”

Dattijon ya ce ba lokacin girbi ba ne, ba a buɗe tulu da bazara, ba a kuma fitar da shi daga kogo. Ya faɗa sau biyu. Sannan ya ce shi dai idonsa ba ya gani sosai in rana ta yi tsaka. Ya juya ya fuskanci dutse, ya ci gaba da tufkarsa.

Yafendo ce ta ɗauko tulun, ta ɗora a ka. Ba ta bari na taɓa ba. Tsohuwa ba takalmi, tana hawa kamar akuya, ni ina baya ina jan ƙafa, maƙwabcina yana tura ni. Mun bi ta cikin matattun gonakin nan, mataki bayan mataki. Da muka kai wuyan dutsen iska ta buge mu. Ga Poli can ƙasa, kwanon rufinsa yana walƙiya. Ta gabas kuma hadari ya fara haɗuwa.

Yafendo ta ajiye tulun, ta ɗauki tsinin dutse ta farfasa yumɓun, ta ɗaga faifan. Warin tsohuwar giya ya fito. Na san abin da limamin unguwarmu zai ce in ya ga inda nake tsaye. Na yi istigfari, na kira mai ɗakina, na ce ta kai waya bakin Dada. Na buɗe muryar wayar, na shimfiɗa ganye a ƙasan cikin tulun, na zura wayar a ciki, na ja baya.

Muryar uwata ta fito daga cikin tulun. Ta yi kauri, ta yi zurfi, kamar daga rijiya. Maganar nan ce dai, sunan da kada a rufe. Mai ƙuli-ƙuli ta yi alamar giciye a ƙirjinta. Maƙwabcina ya zauna a ƙasa ba tare da ya sani ba. Ni kuwa gashin jikina ya tashi, duk da ni na sa wayar da hannuna.

Yafendo ta durƙusa, ta kama tulun da hannu biyu, ta kai bakinta bakinsa, ta amsa.

Tulun ya yi shiru. Ya daɗe shiru har na ɗauka rezo ya yanke. Sannan Dada ta yi magana, wata sabuwa, ba wadda na haddace ba. Muryar ma ta sake, ta zama siririya, da sauri-sauri, kamar ta yarinya. Ban taɓa jin uwata da wannan muryar ba. Suka shiga zance. Mai ƙuli-ƙuli ta kasa bin su, tsinta kawai take yi. Ta ce Dada ta tambayi uwarsu, an ce ta tafi. Ta tambayi ubansu, an ce ya tafi. Ta tambayi wasu sunaye, duk amsa ɗaya. Aka yi kuka. Sai kuma na ji faɗa, Yafendo tana dukan cikin tulun da tafin hannu. Na tambaya lafiya? Mai ƙuli-ƙuli tana dariya tana share ido ta ce wai cewa take, shekara da shekaru ina zuba miki giyar farko, ina hana kaina, ashe kina birni kina cin shinkafa. Daga cikin tulun na ji wani abu da na daɗe ban ji ba. Dada ce ke dariya da rabin baki.

Abu na ƙarshe da Yafendo ta faɗa, ta maimaita shi da ƙarfi kamar mai ba da umarni, har na nemi a juya mini. Cewa take: an buɗe, ina ganin cikinsa, ki ci abinci. Daga nan wayar ta mutu.

Na sa hannu na ciro ta, ba wanda ya hana ni. Na jira in ga an rufe tulun an mayar kogo. Yafendo ba ta rufe ba. Ta ce tulun da ya amsa ba ya komawa cikin waɗanda ba sa amsawa. Ta tura shi cikin wani lungu tsakanin duwatsu biyu, baki sama, ta jingina faifan a gefensa. Sannan ta juyo ta dube ni a fuska, karo na farko tun kallon nan na gindin tsamiya. Ta daɗe tana kallo.

Ta ce, “Ran da ta tafi da gaske, kai za ka hau ka rufe. Ni ba na rufe ta sau biyu.”

Na ce a gaya mata ni Musulmi ne, ban yi alkawari ba. Ta ce ba ta tambaye ni alkawari ba.

Ba mu tsaya sallama mai tsawo ba, don dattijon ya ce in ruwan farko ya sauka, rafin nan yakan cika bakin kwarin har ya fi tsayin mutum. Muka sauka da gudu-gudu. Kayan da na kawo suna nan a rana inda sanda ta tura su, na bar su. Mun fita ta tsakanin duwatsun nan biyu ke nan yayyafi ya fara, kafin mu kai wurin babur muna jin rugugin ruwa a bayanmu. A Poli muka sauke mai ƙuli-ƙuli. Ta ƙi karɓar komai, sai ma ta cusa mana ƙuli-ƙuli a jaka, mai tauri, wanda ya kusa raba maƙwabcina da haƙori. A gidan mahauci na sa waya a wuta. Da ta kama na kira gida. Mai ɗakina ta ce Dada ta sha kunu rabin kofi, ta yi barci.

Washegari muka kamo hanya. Ruwa ya lalata ta, mun faɗi sau ɗaya a taɓo, ba wanda ya ji ciwo. Surutun maƙwabcina ya dawo tun kafin Ngong. Yanzu duk tasha an san labarin, kuma a bakinsa shi ne ya ɗauki tulun.

Abin da na koyo ba shi da yawa. Na yi shekaru ina wuce duwatsu da mota, ina ɗauka duwatsu ne kawai. Ashe bayan kowanne akwai mutane da harshensu da dalilin da ya kai su can. Na kuma zauna da uwata tun ina cikin zane ban taɓa tambayarta sunan garinsu ba. Duk wanda tsohuwarsa ke da rai ya tambaye ta yau, tun tana iya amsawa da harshen da yake ji.

Dada tana ci, kaɗan-kaɗan. Hausa ba ta dawo ba, likita ya ce kada mu sa rai. Ba ta ƙara faɗin maganar nan ba. Tana wasu maganganun a hankali, ta tsaya kamar mai jiran amsa, ni kuma in ce na'am. Damina ta kankama, bakin kwarin ya rufe sai kaka. Can sama akwai tulu a buɗe yana cika da ruwan sama, kuma ban yanke abin da zan yi da shi ba. Ina Garuwa, a kan tabarma, a ƙofar ɗakinta.